Yadda ake gano mazaunin NGF, BDNF, NT-3 da makarɓansu a ƙwaƙwalwar balagaggen ɓera

Wanda ya rina yankin ƙwaƙwalwa da antibodin BDNF, wato furotin da ke kama wannan sinadarin raya jijiya don a ga inda yake, ya ga launi ya bazu a sitirayatum, wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwar gaba, ya rubuta cewa ƙwayoyin jijiyar wurin ne ke ƙera BDNF, ya yi kuskure ko da rininsa ya fito tsaf. Sitirayatum na balagaggen ɓera kusan ba shi da saƙon mRNA na BDNF, wato saƙon da ƙwaya ke fitarwa in ita ce ke ƙera furotin ɗin. Furotin ɗin da ake gani a can, mafi yawansa daga ɓawon ƙwaƙwalwa aka ɗauko shi ta cikin dogayen rassan jijiya, kamar yadda Altar da abokan aikinsa suka nuna a 1997. Saboda haka tambayar ina sinadarin yake ta kasu uku tun kafin a taɓa wuƙa: wa ke ƙera shi, ina ake kai shi, wa ke da makarɓin da zai ji shi. Kowace tambaya da irin gwajinta, kuma taswirar da aka zana da amsa ɗaya kawai ba ta cika ba.

Dangin da makarɓansu

Sinadaran raya jijiya na wannan dangi guda huɗu ne a dabbobi masu shayarwa. NGF shi ne na fari, wanda Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka gano a shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1986. BDNF kuma Barde da Edgar da Thoenen ne suka tace shi daga ƙwaƙwalwar alade a 1982. NT-3 ya biyo baya a 1990, NT-4 a 1991. A cikin makarɓai, wato furotin na jikin ƙwaya da sinadaran ke kamawa, NGF yana kama TrkA, BDNF da NT-4 suna kama TrkB, NT-3 yana kama TrkC, ko da yake yana iya taɓa sauran biyun da rauni. Akwai kuma p75, wanda dukkansu ke kamawa, kuma ya fi ƙarfin riƙe sinadaran tun suna ɗanye ba a datse su ba, wato proNGF da proBDNF.

Abu biyu daga nan za su dame ka a kan teburin aiki. Na ɗaya, kusan rabin jerin amino asid na waɗannan huɗun iri ɗaya ne, don haka antibodi mara kyau yana iya kama ɗan'uwan abin da kake nema. Na biyu, TrkB iri biyu ne manya: cikakke mai nauyin kusan kilodalton 145, mai wutsiyar kainez da ke aika saƙo cikin ƙwaya, da kuma gutsurarre, TrkB.T1, mai kusan kilodalton 95, wanda ba shi da kainez. A ƙwaƙwalwar da ta balaga gutsurarren yana da yawa ƙwarai, kuma mazauninsa daban ne.

Abin da ya kamata ka gani, wuri-wuri

Ka san taswirar da aka riga aka kafa kafin ka fara, domin ita ce ma'auninka. Ma'aunan da za a ambata daga bregma ake ƙirga su, wato mahaɗar ɗinkin ƙasusuwa a saman ƙoƙon kai, bisa atlas ɗin Paxinos da Watson, a ɓeran Wistar ko Sprague-Dawley mai nauyin giram 250 zuwa 300.

Tsarin NGF shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi sauƙin karantawa. Ana ƙera NGF a hifokamfus da ɓawon ƙwaƙwalwa da kumburin sansanar wari. A hifokamfus, galibin masu ƙera shi ƙananan ƙwayoyin GABA ne da ke warwatse, ba jerin manyan ƙwayoyin dala ba, shi ya sa saƙonsa ke fitowa ɗigo-ɗigo, nan ɗaya can ɗaya. Masu karɓarsa kuwa suna nesa, a gindin ƙwaƙwalwar gaba: ƙwayoyin asetilkolin na seftum na tsakiya, da reshe biyu na karkatacciyar ɗamarar Broca, da cibiyar tushe ta Meynert. Mesulam ya raba su Ch1 zuwa Ch4 a 1983. Ch1 da Ch2 suna aika rassa zuwa hifokamfus ta hanyar fimbiriya da foniks, Ch3 zuwa kumburin sansanar wari, Ch4 zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa da amigidala. Bakin rassan ne ke tsotsar NGF, a komo da shi baya zuwa jikin ƙwaya. Don haka furotin NGF da ka gani a seftum, mafi yawansa ba a can aka ƙera shi ba. Seftum yana fitowa tsakanin milimita 1.0 da 0.2 gaban bregma, cibiyar Meynert kuma wajen milimita 1 zuwa 2 bayansa, a warwatse a gefen ciki da ƙasan gulobus falidus.

Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da TrkA da p75 tare, kuma rinin p75 a seftum yana daga cikin mafi kyawun abin da mutum zai gani a maikuroskof: jikin ƙwaya da rassanta baƙi wuluk a kan fili fari. A sitirayatum akwai manyan ƙwayoyin asetilkolin, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar wurin, masu TrkA sosai, amma p75 ɗinsu ya ja baya bayan balaga. Ƙwayoyin asetilkolin na gadar ƙwaƙwalwa, Ch5 da Ch6, ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan kyauta ce ga mai gwaji: ƙwaya mai ChAT, sinadarin da ke ƙera asetilkolin, wadda ya kamata ta fito fayau babu p75. Ana kuma ganin p75 a wasu ƙwayoyin Purkinje na sarabelum, layi-layi daga gaba zuwa baya, da yankin da ke ƙarƙashin bangon kogon ruwa na gefe inda ake haifar sababbin ƙwayoyi.

BDNF ya fi kowa yaɗuwa, kuma a nan ne bambancin saƙo da furotin ya fi fitowa fili. A sassan hifokamfus, saƙonsa yana da ƙarfi a CA3 da CA2 da ƙwayoyin tsaba na dantet, ya fi rauni a CA1. A ɓawon ƙwaƙwalwa yana hawa na 2 da 3 da 5 da 6, hawa na 4 kuwa kaɗan. Yana nan a kilostirum, da ɓawon firifom, da ɓangaren ƙasa na gefe na amigidala, da cibiyar VMH da PVN na haifotalamus, da ƙwayoyin dofamin na tsakiyar ƙwaƙwalwa, da ƙwayoyin tsaba na sarabelum. Furotin ɗin kuma, bisa taswirar da Conner da abokansa suka fitar a 1997, ya fi taruwa inda rassa ke ƙarewa: zaruruwan gansakuka da suka taso daga dantet suka bi gefen CA3, tsakiyar amigidala, cibiyar BNST, da seftum na gefe. Tsakiyar amigidala tana cike da furotin alhali saƙonta kaɗan ne, maƙwabciyarta ta ƙasa kuma tana da saƙon. Hifokamfus na sama da amigidala da VMH duk suna haɗuwa a yanka ɗaya wajen milimita 2.8 zuwa 3.0 bayan bregma. Idan kuɗin antibodi ya yi ƙaranci, wannan matakin za ka fara da shi.

NT-3 ya fi yawa lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma, sai ya ragu. A balagagge saƙonsa ya taƙaita a CA2, da ƙarshen CA1 na ciki, da ƙwayoyin tsaba na dantet da na sarabelum, da ƙwayoyin dofamin. NT-4 kaɗan ne ƙwarai, kuma ba mu ba mai farawa shawarar ya nemi ganinsa da rinin antibodi.

TrkB cikakke da TrkC suna kusan ko'ina a ƙwayoyin jijiya: ɓawo, hifokamfus, talamus, sitirayatum, sarabelum, da lokus seruliyus wajen milimita 9.8 bayan bregma. Sau da yawa ƙwaya ɗaya tana ɗauke da su biyun. TrkB.T1 kuwa ya fi yawa a astirosait, wato ƙwayoyin da ke tallafa wa na jijiya, da ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon kogon ruwa, da curin jijiyoyin jini mai samar da ruwan ƙwaƙwalwa.

Kafin a kwantar da dabba

Izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji shi ne farko, ba a taɓa ɓera sai da shi. Bayan haka ka tuna cewa BDNF yana hawa yana sauka da abin da dabba ta yi a sa'o'in ƙarshe. Farfaɗiya tana ɗaga saƙonsa a dantet ninki-ninki, tana kuma sauke na NT-3 a wuri ɗaya. Gudu a kan ƙafar juyawa yana ɗaga shi a hifokamfus. Ɗaure dabba ta kasa motsi yana sauke shi. Haske yana ɗaga shi a ɓawon gani. Yunwa tana sauke shi a VMH, don haka al'adar hana ɓera abinci daren jajibiri tana iya ɓata maka sakamakon haifotalamus gaba ɗaya. A kwantar da dukkan dabbobi a tsakanin sa'o'i guda na rana, a gauraya rukunoni, kada a gama da na gwaji da safe a bar na kwatanci sai la'asar.

Maganin barci ma yana da hannu. Ana yawan ba da ketamin miligiram 80 zuwa 100 da zailazin miligiram 10 ga kowane kilo, a cikin kogon ciki. Amma ketamin da aisofuluren duka suna iya tayar da TrkB. In wurin zama kawai kake nema, wannan ba zai dame ka ba. In kana auna TrkB mai fosfet ne, sai ka daidaita magani da mintunan da ke tsakanin allura da ɗurawa a kan kowace dabba. Ba a fara yanka sai an matse yatsan ƙafar baya da ƙarfi dabbar ba ta janye ba.

Ɗurawa ta zuciya

Ruwan wanki na PBS, lita ɗaya: gishirin NaCl giram 8, KCl giram 0.2, Na2HPO4 giram 1.44, KH2PO4 giram 0.24, a daidaita pH zuwa 7.4. Ruwan sandarwa kuma garin farafomaldihaid (PFA) ne giram 40 a lita, wato kashi 4 cikin 100. A narkar da shi a ruwa mai zafin digiri 60 da 'yan ɗigon NaOH har ya washe, a ƙara bafa, a tace, a sanyaya, a sake duba pH. Kada zafin ya wuce 65, kuma a yi shi a ƙarƙashin injin zuƙe hayaƙi, domin tururinsa yana cutar da ido da huhu. A haɗa shi ranar aiki ko jajibirinta. Fomalin na kanti da ya daɗe a kan kanta yana da metanol a ciki kuma yana komawa tsami, ba ya dacewa da wannan aiki.

A buɗe ƙirji, a soka allura mai lamba 16 ko 18 ta kogon hagu na ƙasan zuciya har bakinta ya shiga babbar jijiyar awota, a danne ta, a tsaga kogon dama na sama don jini ya samu mafita. A fara da PBS mai sanyi mililita 150 zuwa 200 har ruwan da ke fita ya yi fari, hanta ta koɗe. Sai PFA mililita 300 zuwa 400, gudun mililita 20 zuwa 25 a minti. Inda babu famfo ko babu wuta, a rataye kwalaben kamar mita ɗaya sama da dabbar, nauyin ruwa ya isa. Alamar ya shiga ita ce rawar gaɓoɓi a farko, sannan wuya da wutsiya su sandare. Idan ruwa yana fita ta hanci, ko matsin ya yi yawa ko allura ta kauce zuwa hanyar huhu. Kumfar iska ɗaya a cikin bututu tana iya toshe ƙananan jijiyoyi ta bar wani ɓangare ja-ja da taushi.

Wanke jini ba don kyan gani kaɗai ba ne. Jajayen ƙwayoyin jini suna rina kansu da DAB, sinadarin da ke fito da launin rini. Sannan ƙwayoyin daskarar da jini na babban ɓera, wato irin su Wistar, da na mutum suna ɗauke da BDNF mai yawa, na ƙaramin ɓeran maus kuwa ba su da shi. Wanda zai auna yawan BDNF da gwajin ELISA a naman da ba a wanke ba, yana haɗawa da na jini.

Tsawon zaman ƙwaƙwalwa a PFA bayan an ciro ta shi ne inda aikin BDNF da NGF ya fi lalacewa. Sa'a 2 zuwa 4 a digiri 4 sun isa. TrkA da p75 da ChAT suna jure kwana ɗaya, amma ƙwaƙwalwar da ta yi mako a fomalin takan fito babu komai a zaruruwan gansakuka, sai mai gwaji ya ɗora laifin a kan antibodi. Wasu daga cikin tsofaffin taswirorin NGF da BDNF an yi su ne da PFA kashi 2 haɗe da farabenzokwinon kashi 0.2, domin sandarwa mai sauƙi ta fi barin waɗannan furotin a buɗe.

Daga nan a mayar da ita ruwan sukuros kashi 30 cikin bafa, a firji, har ta nutse ƙasa, kwana 2 zuwa 3. A daskarar da ita da sauri. Daskarewa a hankali, kamar a jefa ta cikin firiza kawai, tana haifar da ƙanƙara mai tsini da ke huda nama, yanka ya fito da ramuka ko'ina.

Yanka da ajiya

A kirayostat, injin yanka daskararren nama, digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili, a yanka kaurin maikuromita 40, a riƙa jefawa cikin ramuka shida bi da bi. Haka kowane rami zai ƙunshi jeri ɗaya da tazarar maikuromita 240, kuma za ka iya rina BDNF da TrkB da p75 da rinin Nissl mai nuna jikin ƙwayoyi a yankuna maƙwabta daga dabba ɗaya. A tsaga ɗan ƙaramin tabo a ɓawon gefe ɗaya don a san dama da hagu.

A ajiye yankuna cikin ruwan kariya: etilin gilaikol kashi 30, gilisarol kashi 30, sauran bafan fosfet, a digiri 20 ƙasa da sifili. Wannan ruwa ba ya daskarewa, shi ya sa yankunan da ke cikinsa suka fi jure ɗauke wuta na wasu sa'o'i fiye da waɗanda aka manna a gilashi aka daskarar. Antibodi ne ba ya jurewa. Ranar da ya iso a raba shi ƙananan kwalabe na maikurolita 5 ko 10, a sa su a tsakiyar firiza tsakanin ledojin ƙanƙara, kada a ƙofa. Narkewa da sake daskarewa sau da yawa ya kashe antibodi fiye da yadda tsufa ya kashe.

Wanda ba shi da kirayostat, sai farafin: kauri maikuromita 5, a cire kakin, a dafa a bafan sitiret mai pH 6 a digiri 95 na minti 20, a bar shi ya huce a cikin ruwan. Makarɓai sukan fito a haka, in antibodin an gwada shi a farafin. BDNF kuwa yakan yi rauni, kuma siririn yanka ba ya nuna rassa da kyau, don haka a yi hattara da abin da za a ce game da shi.

Rinin antibodi

A wanke yankuna sau 3 a PBS, minti 10 kowanne, har ruwan kariya ya fita. A sa su a haidurojin feroksaid kashi 0.5 na minti 20 don kashe feroksidez na nama, a sake wankewa. Ga BDNF, zama a bafan sitiret a digiri 80 na minti 30 yakan buɗe abin da PFA ya rufe. A gwada da shi da babu shi a yankuna maƙwabta. Sai toshewa na sa'a ɗaya a ruwan jini kashi 5 zuwa 10 da Triton X-100 kashi 0.3. Ruwan jinin ya zama na dabbar da aka samo antibodi na biyu daga gare ta, wato antibodin da ke kama na farko don a fito da launi. In antibodin ChAT ɗinka na akuya ne, kamar yadda aka fi samu, kada ka toshe da ruwan jinin akuya, kuma ka guji madara, domin antibodin da ke neman na akuya yana kama na saniya. Ruwan jinin jaki shi ne mafita.

Kada ka amince da ma'aunin sirki da ke jikin takardar kamfani sai ka gwada. Jera 1:500, 1:1000, 1:2000 da 1:5000 a yankuna huɗu na mataki ɗaya, ka zaɓi mafi sirki da har yanzu ke nuna wurin da aka sani. A bar na farko sa'a 48 zuwa 72 a digiri 4 ana girgizawa a hankali, domin kaurin 40 yana buƙatar lokaci kafin antibodi ya ratsa tsakiya. A wanke, a sa na biyu mai bayotin 1:300 na sa'a 2, a wanke, a sa haɗin ABC na sa'a ɗaya, wanda aka haɗa minti 30 kafin amfani. Sai DAB miligiram 0.5 a kowane mililita da feroksaid kashi 0.01, minti 3 zuwa 10. A ɗaki mai zafi launin yana tashi da sauri, don haka a tsaya da agogo, a ba kowane rami mintuna iri ɗaya. DAB ana zarginsa da jawo sankara: safar hannu, kuma ruwansa a tara a kwalba ta musamman, ba a zuba a magudana.

Abubuwa uku ke kashe wannan mataki ba tare da an lura ba. Sodiyum azaid a cikin bafa yana kashe feroksidez, sai komai ya fito fari. In an ƙara nikel don launi ya koma baƙi, bafan fosfet yana sa shi ya dunƙule ya zube a kan nama, sai a koma Tris ko asetet. Na uku ya shafi 192-IgG, sanannen antibodin p75 na babban ɓera, wanda daga maus aka samo shi. Antibodi na biyu mai neman na maus yana kama antibodin ɓeran da ya rage a nama, sai jijiyoyin jini da wuraren da shingen jini ba shi da ƙarfi su yi duhu. A sayi na biyun da aka tace shi daga kama na babban ɓera.

Lokacin hunturu yankan da aka ɗora a gilashi yana bushewa nan da nan, ƙura kuma tana sauka a kai ta zama baƙaƙen ɗigo masu kama da rini. A busar da gilasai a cikin akwati a rufe. Yankan da ya bushe a tsakiyar aiki, ko na minti ɗaya ne, gefunansa za su yi duhu na ƙarya.

Yadda za ka san rinin gaskiya ne

Cire antibodi na farko yana gwada na biyu ne kawai. Jiƙa antibodi da feftaid ɗinsa kafin rini yana nuna cewa yana kama feftaid ɗin, bai nuna cewa ba ya kama wani abu dabam a nama ba. Antibodin BDNF da yawa a kasuwa suna rina kowace ƙwayar jijiya daidai wa daida, wannan kuwa ba kamannin BDNF ba ne. Na gaskiya yana nuna ɗamarar zaruruwan gansakuka a fili, da tsakiyar amigidala da duhu. In waɗannan ba su fito ba, a ajiye antibodin komai tsadarsa. A gwada shi kuma a gwajin Western, mai ware furotin bisa nauyi: BDNF da aka datse yana wajen kilodalton 14, proBDNF wajen 32, kuma layuka barkatai a tsakani alamar matsala ce. Mafi ƙarfin hujja shi ne naman maus da aka cire wa ƙwayar halittar a ƙwaƙwalwa, in ana iya samun 'yan yankuna daga wani ɗakin bincike.

Ga TrkB, duba wane ɓangare antibodin ke kamawa. Mai kama ɓangaren waje yana ganin cikakke da gutsurarre tare, don haka zai rina astirosait da bangon kogon ruwa. Mai kama wutsiyar ciki yana ganin cikakke kawai, amma wutsiyoyin Trk uku sun yi kama, wasu antibodi suna kama dukkansu. Haka masu neman Trk mai fosfet: wurin tairosin 490 na TrkA da takwaransa na TrkB kusan jeri ɗaya ne, antibodin ba ya bambance su. A hifokamfus ana iya cewa galibinsa TrkB ne ko TrkC, amma a seftum ba za a iya ba. Fosfet ɗin kuma yana zubewa cikin mintuna, sai an sa sodiyum otobanadet a ruwan ɗurawa da na wanki.

In da haske mai ƙyalli ake aiki, tsohuwar dabba tana da ɗigon laifofusin masu ƙyalli a kowane launi. Duk ɗigon da ya fito a kore da ja da shuɗi lokaci ɗaya ba rini ba ne. Sudan Black B kashi 0.1 cikin barasa kashi 70 yana dushe shi.

Neman saƙon mRNA

Wannan shi ke amsa wa ke ƙerawa. A ciro ƙwaƙwalwa ɗanya da sauri, a daskarar a aisofenten mai sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, a yanka maikuromita 14 kai tsaye a kan gilashi, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili. Maƙiyin aikin RNase ne, sinadarin da ke lalata RNA, yana kan fatar hannu da ƙura da ruwa, don haka safar hannu da ruwan da aka yi wa DEPC da kayan da aka keɓe. A sandar da yanka minti 15 a PFA, a sa ƙugiyar RNA mai alamar DIG cikin fomamaid kashi 50, a kwana a digiri 55 zuwa 60, a wanke da SSC mai zafi, a fito da launi da NBT da BCIP. Ƙugiya mai jeri irin na saƙon kansa ita ce kwatancin da ya kamata ya fito fari. A tsarin RNAscope, dapB ne kwatancin babu, Ppib na akwai.

Zaɓen ƙugiya yana buƙatar tunani. Ƙwayar halittar Bdnf ta ɓera tana da gaɓoɓin farko guda takwas da ba sa zama furotin, kowace tana manne da gaɓa ta tara mai ɗauke da furotin. Ƙugiya a kan ta tara tana ganin jimilla, ta kan ta huɗu tana ganin wanda aikin jijiya ke tayarwa. Ga TrkB a yi biyu, ɗaya a ɓangaren waje ɗaya a kainez: curin jijiyoyin ruwan ƙwaƙwalwa ya kamata ya yi duhu da ta farko, ya fito fari da ta biyu.

Ƙwaƙwalwar gafiya

Masu nazarin ƙirar jiki a Najeriya suna aiki a kan ƙwaƙwalwar gafiya, kuma tambayar mazaunin waɗannan sinadarai a cikinta tana da daraja. BDNF da aka datse jerinsa ɗaya ne a mutum da alade da ɓera, don haka akwai kyakkyawan zaton antibodi mai kyau zai yi aiki. Makarɓai ba haka suke ba. 192-IgG na babban ɓera ne, ko p75 na maus ba ya kamawa, antibodin ME20.4 kuma an yi shi ne don na mutum. A rina yankin gafiya tare da na Wistar a rami ɗaya. In seftum na Wistar ya fito na gafiya bai fito ba, abin da za a fara zargi antibodi ne, ba a ce gafiya ba ta da p75 ba. Ma'aunan bregma ma ba za su hau kanta ba, sai a bi alamomin nama a jerin Nissl: haɗuwar kofus kalosum, mahaɗar gaba, da farkon hifokamfus.

Ƙirga da karanta raguwa

A rina dukkan rukunoni a zama ɗaya da ruwa ɗaya, wani ya rufe lambobin gilasai kafin a ƙirga. Ƙwayoyin TrkA da p75 ana ƙirga su a dukkan jerin daga farkon seftum zuwa ƙarshensa. BDNF na rassa kuwa duhunsa ake aunawa, a cire duhun farin nama na yanka ɗaya, hasken maikuroskof da saitin kyamara ba sa canzawa.

In adadin ƙwayoyi masu p75 ko ChAT ya ragu, kada a gaggauta cewa sun mutu. Hefti ya nuna a 1986 cewa in an yanke fimbiriya ƙwayoyin seftum suna ɓacewa daga rini, NGF kuma yana hana hakan. Bayan haka aka ga cewa ko an jinkirta ba da NGF, da yawa daga cikinsu suna dawowa, ma'ana sun ƙanƙance ne sun daina nuna alamar, ba su mutu ba. Wannan yana da nauyi ga mai nazarin tsufa ko cutar Alzheimer, inda TrkA ke raguwa a cibiyar Meynert, proNGF kuma yake taruwa a ɓawon ƙwaƙwalwa. Don raba mutuwa da shiru, a sa wa ƙwayoyin alamar Fluoro-Gold ta hifokamfus mako ɗaya ko biyu kafin rauni, sannan a ƙirga masu alamar a yankuna maƙwabta da na p75, a kuma auna girman jikin ƙwaya a kowane rukuni.